Kamfas ɗina da salansar Hamma

Laraba da dare, Vinikilang

Gobe jarrabawar lissafi, kuma yayana Hamma Buba ya kashe mini kamfas ɗin zana da'ira. Salansar babur ɗinsa ce ta huje. Maimakon ya kai wa mai walda, sai ya buɗe jakata, ya dama gam da kamfas ɗina, ya liƙe hujin. Mahaifiyarmu Dada ce ta yi masa faɗa, ya ce, "Haba Dada, ɗan ƙarfen nan? Ta kankare mana!" Tun magariba nake kankarewa da reza, ƙafafun sun ƙi rabuwa. Abin haushin, ko bakin titi bai kai ba gam ɗin ya ɓalle daga salansar. A kamfas ɗina kaɗai ya kama.