Akwatin Baba da Ƙofar Motar Kawu Dabo

Zuwa ga yayana Halliru, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma sa albarka a fataucin goro. Mu nan Illela lafiya lau. Inna ta warke daga ciwon ƙafa, ƙanwarmu Tasalla kuma ta haihu, an sami mace.

Yaya, Kawu Dabo ya sayi tsohuwar motar nan da wani Bature ya kife da ita a hanyar Ƙonni, wadda ta yi shekaru ƙarƙashin tsamiya awaki na kwana a cikinta. Wani direba daga Sakkwato ya tada injin, amma jikin sai aka kawo mini maƙera. Na kankare tsatsa da yashi. Inda ƙarfen ya lotsa, nakan tara masa buhun ƙasa ta baya in bi shi da gudumar itace a hankali, don masabarmu ta ƙarfe huda shi take yi. Da farko na yi kuskuren sa shi wuta sosai, ya murɗe kamar ganye. Yanzu dai gaba da gefen dama sun miƙe sumul.

Ƙofar hagu ce ta gagara, tsatsa ta cinye ƙasanta. Na gwada kwanon rufi, ƙusa ta yaga shi. Na duba har kasuwar Ƙonni, ban sami ƙarfe mai kaurinta ba sai murfin akwatin marigayi Baba, wanda ya faɗo a rabonka na gado. Kawu ya ce in yanka kawai, ai ba za ka ƙi ba, kuma idan ruwa ya sauka hanyar ƙauyen Araba ta lalace, geron da zai ɗauko da motar zai kwana a can. Inna ta ce ita ba ta da ta cewa, amma ranar ba ta ci tuwo ba.

Na auna murfin, na ja layi da gawayi, sannan na ajiye kurfin da zan yanka shi da shi. Ba zan taɓa shi ba sai na ji daga bakinka. In ka ce a'a, Kawu ya tafi da ƙofa ɗaya.

Ka gaida Yaya Rabi'a da Hamidu da Jamilatu. Inna na sa muku albarka.

Ni ne ƙanenka,
Arzika Maƙeri