Takardar da Za Ta Kawo Auta Gida

Auta,

Kada ka karanta wannan wasiƙa a tsaye, waya a kunne, yadda ka saba. Nemi wuri ka zauna. Bayan haka, ina gaishe ka da iyalinka, da fatan kuna lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce an yi sabuwar doka, dole kowane kamfani ya bayyana wa hukuma ainihin masu shi, kuma tunda rabin kamfanin katakon da babanka ya bari nawa ne, za ka zo da lauya in sa hannu a gabansa. Doka ta yi kyau. Wanda ya ci halal me zai sa ya ɓoye sunansa? Abin kunyar dai, shekara huɗu ban sa ka a ido ba, sai da gwamnati ta sa baki.

An gyara ƙofar ɗakinka mai ƙarar nan, na wanke labule. Yayarka sai dariya take mini, wai ko ango ake jira. Hoton da ka ce ana bukata sau biyu aka ɗauka, na farkon na fito kamar mai shirin faɗa.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka

Umma,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Albishirinki! Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta kai ƙara, mun ce dokar nan tona asirin mutane ce, kuma alƙali ya dakatar da ita sai an gama shari'a. Lauya ya ce ana iya shekara biyu ana bugawa. Kin ga kin huta, ba sai na zo na dame ki ba. Akwai wata 'yar takardar banki, zan aiko direba ki sa hannu.

A gaida Yaya. Ki sa mu a addu'a.
Naki, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Albishir ɗinka kuwa ba tukuici.

Ashe har da kai aka kai ƙarar. Wane asiri gare ni da za ka ɗauko lauya ya rufa mini? Na duba wasiƙata ta baya a raina, ban ga inda na ce maka na gaji ba, balle in huta. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah gwamnati ta ci shari'a ba sai yanzu. Kullum rediyo na kusa da ni, ina jiran a ce alƙali ya sake shawara.

Direbanka ya zo. Mutumin kirki ne, ya zauna a kujerar babanka, ya tambayi ciwon gwiwata, ya saurari amsar har ƙarshe. Takardar kuwa ya koma da ita yadda ya kawo ta.

Allah ya yi maka albarka, ya shirya mini kai. Daga yau, a gidan nan, ba na sa hannu a takardar ɗan aike. Mai takarda ya zo da ƙafarsa, ya kwana uku, sannan in nemo tabarauna. Ko da doka, ko babu.

Mahaifiyarka