Amanar Kan Rabi

Laraba da dare, Unguwar Sanusi

'Yata Rabi ta kwanta da ɗankwalinta, ko tuwo ba ta taɓa ba. Wata uku gashinta na zuba, likita bai ga dalili ba. Ban da mu, Ladi mai kitso kaɗai ta ga kan nan. Na ce, "Ladi, amana ce." Ta ce, "Haba Yaya!"

Yau a islamiyya aka fizge hijabin 'yata, ana "mai sanƙo, mai sanƙo!" 'Yar Ladi ce a gaba.

Na yi alwala, na yi nafila, ban huce ba. Ban taɓa yi wa kowa Allah ya isa ba. Ladi, Allah ya isa. Gobe a gidan suna zan maimaita, gaban mata, da 'yar muryar nan tawa.