Wiwi a Cikin Rama

Dutsin-Ma, 4 ga Agusta, 1966

Zuwa ga Baffa Malam Rabe, Barkiya.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Bayan haka, 'yan kasuwar Kurfi sun kawo mini labari har rumfar da nake gyaran keke, wai kun sa wa ƙanena Badaru mari a ƙafa, kuna ɗura masa rubutu, wai aljani ya shafe shi. Baffa, aljanin nan da hula yake yawo, sunansa Mamuda tsohon soja. Shi ya koya wa yaron nan shan wiwi.

Na je wurin malamin asibiti na kwatanta masa komai: jan ido, dariya shi kaɗai, cin tuwon mutum uku, zargin kowa. Ya ce ciwo ne, hayaƙin ya taɓa ƙwaƙwalwa, jiki kuma ya saba har ba ya iya bari da kansa. Likita yake bukata a Katsina, ba ƙarfe a ƙafa ba.

Mamuda kuwa, na ji a rediyo sojoji sun kafa doka mai zafi kan wiwi. Wallahi a gidan yari zai ƙarasa tsufansa.

Ɗanka,
Ya'u Audi

Barkiya, 9 ga Agusta

Zuwa ga ɗana Ya'u.

Aminci da yarda. Takardarka ta iso, har da yajin da ke cikinta. Marin nan ba don mugunta ba ne. Badaru ya bi mahaifiyarku Inno da lauje, wai ta haɗa baki da jaki suna gulmarsa. Tun da muka tsare shi ba ya barci, ba ya cin abinci, sai gumi da zagi, yana roƙon a ba shi ko zuƙa ɗaya. Na yarda da maganar malamin asibitin naka. Bari a cire amfanin gona mu kai shi.

Amma kada ka kawo mana 'yan doka. Mamuda abokin marigayi mahaifinka ne, akushi ɗaya muke ci. Akwai maganar da ba ta takarda ba ce. Ka zo mu yi ta baki da baki. Allah ya sanyaya zuciyarka.

Baffanka,
Rabe

Dutsin-Ma, 12 ga Agusta

Baffa,

Ina gaisuwa. A jira kaka? Gero ya fi hankalin Badaru ke nan? Abokin uba kuwa, da irin wannan aboki gara kura, ita ko ba komai ba ta yi maka sallama.

Ba sai na zo ba, na riga na gama. Jiya na sami sajan na faɗa masa abin da na jiyo, cewa Mamuda cikin rama yake ɓoye shukarsa, tunda ganyensu kusan ɗaya ne. Na ce su bi ramar Barkiya kunya-kunya. Ka ce masa ya wanke tsohon kakinsa, baƙi na tafe.

Ka gaida Inno.

Ya'u

Barkiya, 17 ga Agusta

Ya'u,

Sallama. Baƙin naka sun zo. A gonar Mamuda ba su sami ko tsinke ba. A fadamar mahaifinku suka sami abin, tsakiyar rama, ya fi mutum tsawo.

Maganar da na ce ka zo mu yi ke nan. Bayan ka bar gida na ba Mamuda aron fadamar, da baki, daga ni sai shi, yadda aka saba. Da sajan ya tambayi mai gona, Mamuda ya ce kowa ya san gadon 'ya'yan Audi ne, shi bai taɓa sa fartanya a ciki ba. Ni kuma harshena ya yi nauyi, don ni na ba da aron.

Sun ɗora Badaru a mota yana kiran Inno. Yana tsare a Kurfi. Sun tambayi ɗaya magajin, na ce ban san inda kake ba. Ka bar Dutsin-Ma kafin su waiwaye ka.

Allah ya kyauta.
Rabe

Dutsin-Ma, 19 ga Agusta

Baffa,

Gaisuwa, tunda wajibi ce. Ba inda zan gudu. Gobe ina Kurfi tare da malamin asibiti, ya yarda zai shaida Badaru mara lafiya ne. Fadama masu ita biyu ne. Su miƙa mara lafiya ga likita, su riƙe mai lafiyar.

Ranar shari'a kuma shaida ɗaya zan kira, kai. Zan roƙi a ɗora maka Alƙur'ani, a tambaye ka wa ka ba aro. Kai ka koya mana hukuncin mai rantsuwa kan ƙarya. Ka zo da alwala, kuma ka zo da abokin cin tuwonka.

Wassalam.
Ya'u