Ɓeran Masar da ya rage

Audi,

Motar Gangara ta zo kana barci. Na tafi ta'aziyya, sai jibi.

Akurkin kwanon da ka kafa bayan rumbu ya kashe macen ɓeran Masar jiya da azahar. Na sa hannu ciki, kamar tanderu. Kowa cewa yake kwano ya fi tsaro. Ya hana kyanwa shiga, zafin ranar fa?

Saura namijin. Ya ƙi ko harawa, sai kiranta yake.

Ka gina masa na laka, rufin kara, gindin aduwa, dab da ƙofata. Kada ka ce kukansa zai dame ni. Tun da ƙanwarka Raliya ta koma Damagaram ta bar mini su, duk gidan nan su kaɗai ke gaishe ni da safe.

Innarka