Na Sa Baba Tsoho Cikin Mamata

Asabar, 5 ga Maris, 2016

Sami ɗan marigayi Malam Salihu ya zo ɗakina a unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki. Iyali suna so a raba darussan Malam da na yi shekaru ina bugawa a kwamfuta, su zama sadaka gare shi. Sai dai ko'ina bayan sunansa "hafizahullah" na rubuta, addu'ar mai rai. Yanzu sai "rahimahullah", addu'ar mamaci. Na ce masa zan gyara. Ban buɗe ko fayil ɗaya ba.

Litinin, 7 ga Maris

Mukhtaru abokin ɗakina ya ba ni wata manhaja. Ka nuna mata kalma, ka nuna mata madadinta, ta bi duk fayilolin ta canza. Kafin shayina ya huce ta gama. Har sunayen fayilolin ta jera min tsaf. Na tura wa Sami ban duba ba. Na ji sauƙi, ban san dalili ba.

Talata, 8 ga Maris

Innalillahi. Ashe ba Malam kaɗai nake wa waccan addu'ar ba. Duk mai rai da ya ambata a darasi, manhajar ta mai da shi mamaci. Na farkonsu Baba Tsoho, yayansa, wanda kusan kowane darasi sai Malam ya ce "yayana ya faɗa min". Sami ya riga ya watsa a WhatsApp. Tun safe mutanen Kano ke bugo waya gidansu a unguwar Tandabawi suna ta'aziyyar tsohon da ke zaune yana shan kununsa. 'Yarsa da ke aure a Zinder har suma ta yi, in ji Sami.

"Ya akhi, ka karanta kafin ka turo?" Abin da Sami ya tambaye ni ke nan.

Laraba, 9 ga Maris

Ban je jami'a ba. Na so in ɗora wa Mukhtaru laifi, amma shi me ya yi?

Juma'a, 11 ga Maris

Bayan la'asar na je Tandabawi wurin Baba Tsoho. Na durƙusa na ce, "Baba, a yafe min." Ya daɗe yana kallona.

"Kai ne ka binne ni ba wanka?"

Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, rahama ba ta yi wa kowa yawa. Ni ban ji haushi ba. Amma ƙanena ya zauna da kai shekara da shekaru, ka rasa hannun da za ka yi masa addu'a, sai na'ura?"

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Tun jana'iza ban taka gidan ba, ya kuma sani.

Talata, 15 ga Maris

Ina bi fayil-fayil da hannu, ina mayar wa masu rai addu'arsu. Aikin ba ya sauri, don sai in tsaya karatu, in ji kamar muryarsa. Yau na iske wani wuri da manhajar ta tsallake saboda na yi kuskuren harafi. Sunan Malam na nan da "hafizahullah" ɗinsa, kamar yana Tandabawi yana jirana.

Na daɗe ban taɓa ba. Daga baya na goge, na rubuta ɗayar da yatsuna, na faɗe ta a fili. Mukhtaru ya tambayi me ya sami idona, na ce hasken kwamfuta ne.