Wadda ta Kai Ƙarar Mama

Litinin, 3 ga Maris
Mama ta dawo daga asibiti da rana tsaka. Ba cutar ba ce, alhamdu lillahi. Tun da annobar nan ta ɓarke, ma'aikatan jinya na ɗakinsu suka fito da wani tsari: biyu-biyu suke aiki, kowacce tana lura da 'yar'uwarta, in ta ga gajiya ta ci ƙarfinta sai ta faɗa wa shugabar ɗaki. Da Mama aka kawo shawarar. To abokiyar aikinta, wadda suke kira Doguwa, ta je ta ce hannun Mama yana rawa wajen yin allura. An ba ta hutun dole.
Munafuka. Matar da ta sha cin abinci a gidan nan.

Talata, 4 ga Maris
Ban taɓa jin Mama ta zagi mutum ba sai yau. Na taya ta a zuciyata.

Alhamis, 6 ga Maris
Doguwa ta zo, har da lemo a leda. Na buɗe ƙofa kaɗan na ce Mama tana barci. Ni da ko malaminmu ba na iya kallo a ido, yau na tsare ta da harara.
"Barci, 'yata? Da gaske?" Har ta dafa bango don murna.
Ƙarya na yi mata. Lemon kuwa maƙwabta na ba.

Asabar, 8 ga Maris
Mama ba ta barci, sai zagaye da goge rigar aiki da ta riga ta goge. Ta ce mutane suna mutuwa ita tana zaune, jibi za ta koma. Shugaba za ta nemi jin ta bakin Doguwa tukuna, don haka in Doguwa ta tambaye ni, in ce Mama ta huta sosai. Na ce to.

Lahadi, 9 ga Maris
Da safe tana zuba shayi ta kuskure kofin. Ruwan zafi yana sauka a ƙafarta, ba ta ji ba sai da na fizge butar. Ta ce kada kowa ya sani.
Da allura ce fa? A jikin marar lafiya, ko a nata yatsan?
Na ɗauki wayarta na shiga banɗaki. Na kira Doguwa, na faɗa wa matar nan komai.
"Za ta yi fushi da ke," in ji ta.
"Na sani, Anti."
"Mun zama mu biyu ke nan. Fushi ba ya kisa."

Litinin, 10 ga Maris
An ƙara wa Mama hutu. Ba ta yi mini magana tun safe. Doguwa ta zo bayan ta tashi aiki, Mama ta wanke ta tas, ita kuwa tana zaune tana gyaɗa kai. Da na ji shiru na leƙa: Mama ta yi barci, kanta a cinyar matar, baki buɗe.
Ban ce na yafe wa Doguwa ba. Na dai kai mata ruwa, a kofin da muke ajiye wa manyan baƙi. Sauran duk ba a wanke suke ba.